Falon Farfesa Ya Yi Zazzaɓi

A wani bene mai hawa huɗu, a hawa na farko, akwai mutumin da kowa ke kira Farfesa, shi kuma bai taɓa ganin dalilin da zai sa ya gyara wa mutane ba. Shekara ashirin da biyu ya yi yana aiki a ɗakin gwaje-gwajen wata sakandare. Shi ke wanke kwalabe, shi ke goge allo, shi ke kulle ƙofa. Duk darasin kimiyyar da aka koyar a ɗakin nan, a kunnensa aka fara shi. Cikas ɗin ɗaya ne: da darasi ya kai rabi, dole ya fita ya ɗora wa malamai ruwan shayi. Haka ya yi ritaya da ilimi mai ɗimbin yawa, kowanne rabi. Farkon komai ya sani. Ƙarshen kuwa da kansa yake cikewa, kuma bai taɓa kukan ƙarancin kaya ba.

Matarsa, wadda benen ke kira Anti Mai Kek, shekara shida tana gasa kek a ɗan kicin ɗinta tana sayar wa maƙwabta, yau ɗaya, jibi babu. Sai ga dama ta faɗo. Manajar wani babban ɗakin taro tana neman wadda za ta riƙa yi musu kek har shekara guda, ta ce za ta zo ranar Laraba ƙarfe biyu na rana ta gani da idonta, ta ɗanɗana da harshenta. Anti ta yi kwana biyu a kan ƙafafunta. Ta gasa kek tara, ta lulluɓe su da kirim, ta dasa musu furanni ɗaya bayan ɗaya har wuyanta ya ƙage. Uku daga ciki za a ɗora su ne bisa juna su zama dogo guda. Lokacin kuwa na zafi ne, irin wanda ƙadangare ke tsallake kwalta da sanɗa, firjinta kuma kek ɗaya yake ɗauka, shi ma sai an fitar da tumatir.

Ran Laraba da hantsi ta shirya za ta karɓo kwalayen da aka buga mata, daga can ta biya ta ɗauko Manaja, don gidan yana da wuyar kwatance. Ta tsaya a bakin ƙofa.

"Baban yara, ka saurare ni da kyau. Na riga na yi magana da maƙwabta, kowa ya ba ni gurbi a firjinsa. Ka kai kek ɗaya ɗaya, ka rufe ƙofar firji, ka dawo. Biyu saura kwata ka kwaso su ka jera a tebur. Shi ke nan."

"Shi ke nan? Wannan ai aikin ɗan aike ne."

"Shi ya sa na ba ka."

"Ki tafi hankalinki kwance. Kina magana da mutumin da ya zauna da kimiyya shekara ashirin da biyu."

"Abin da ya hana hankalina kwanciya ke nan. Kada ka ƙara komai."

Ta tafi. Farfesa ya ɗauki kek na farko, ya hau matakala uku, ya tsaya ya yi tunani. A gidan nan kuwa babu abin da ake tsoro kamar tunaninsa.

Hawa tara, sauka tara, sannan a sake. Wannan ɓarnar makamashi ce. Kuma ko an yi, da an fito da kek zafi zai far musu, Manaja ta zauna tana fifita da takarda. Me ya sa za a kai kek wurin sanyi, alhali ana iya kawo sanyi wurin kek? Firji akwati ne cike da sanyi. Duk wanda ya taɓa buɗe shi ya ji sanyin yana zubo masa a ƙwauri. To a tara firji bakwai a falo, a wangale su, a toshe taga. Falon kansa ya zama firji. Manaja ta shigo ta nemi bargo, ta sa hannu a takarda yatsunta na rawa.

Mutumin da ya ga hawa da kek ɓarnar ƙarfi ce, shi ne ya yanke shawarar sauko da firji bakwai. Ya mayar da kek tebur, ya ɗora ukun nan bisa juna don ya ga tsayinsu, ya nufi hawa na biyu wurin Tela.

"Tela, makamashi iri-iri ne. Akwai na lantarki, akwai na motsi, akwai na zafi, akwai na haske, akwai na sauti. Ba a ƙirƙirarsa, ba ya ɓacewa, rikiɗa kawai yake yi. Ka gane?"

"Ni dai an ce min kek za a kawo."

"An ɗaga darajar shirin. Firjin ne zai sauka."

Tela ya dubi agogo. Ƙarfe sha ɗaya wani mutum zai zo karɓar rigar da har yanzu yadi ce a naɗe. Nan take ya ji ƙaunar kimiyya ta shige shi. Ya ce, "Ai maƙwabci ya fi ɗan uwa na nesa. Kama can."

Maƙwabcinsu Direba da ke hutu ran nan ya shigo cikin aikin don ya ji an ce za a yi sanyi kyauta. Nas ta hawa na uku, wadda ta dawo daga aiki ke nan ta ɗora kai a matashi, ta buɗe ƙofa ido ɗaya a rufe, ta ce su ɗauki duk abin da suke so muddin za su daina bugu. Iya ta hawa na huɗu ce ta ba su wuya.

"Firjin nan marigayi ne ya hau da shi. Tun da ya hau bai taɓa sauka ba. Ya girmi Tela."

"Iya, awa uku kawai. Tarihi za a kafa."

"A kafa da na wani."

Da ƙyar ta yarda, bisa sharaɗin duk inda firjin ya je ƙafarta ƙafarsa. Ta ɗauko 'yar kujerarta ta biyo su.

Firjin Iya irin na da ne, wanda aka ƙera lokacin ƙarfe yana araha. Farfesa yana ƙasa yana ba da umarni da hannu ɗaya, Tela da Direba suna sama suna nishi. A kwanar hawa na uku ya ga ya dace ya ƙara musu ilimi.

"Ku lura. Abu mai nauyi in yana sama, akwai makamashi a ajiye a cikinsa, yana jiran dama kawai. Ba a ganinsa da ido. Tela, ɗan sassauta ka ji."

Tela mutum ne mai biyayya. Ya sassauta.

Makamashin da ke jiran dama ya samu dama. Firji ya kwanta da baya ya biyo matakala, Farfesa a gaba yana gudun da rabonsa da irinsa tun yana saurayi, takalmi ɗaya ya yi gabas ɗaya ya yi yamma. Matakala goma sha biyu suka yi tare, kowace da ƙararta, kafin Farfesa ya manne a bango firji ya wuce ya daki ƙofar Direba ya shiga falonsa ba sallama.

Farfesa ya gyara wuyan riga.

"Kun gani? Na ajiye ya koma na motsi, na motsi ya koma na sauti."

"Na sauti kuma ya koma ƙofata," in ji Direba.

Iya ta sauko a hankali, ta shafa gefen firjinta, ta ce, "Ko kwarzane bai yi ba. Allah ya jiƙan maza."

Kafin sha ɗaya da rabi firji bakwai sun kewaye falon Farfesa, kowanne ya fuskanci teburin kek kamar 'yan kwamiti. Abin da ke cikinsu kuwa an jibge shi a baranda: kifi, madara, tukwanen miya, da kwalaben lemo goma sha biyu da aka tarar a bayan kabeji a firjin Direba, mutumin da ya rantse wa matarsa da likita cewa shi da sukari sai a lahira.

"Na baƙi ne," in ji Direba, ba wanda ya tambaye shi.

Aka jona wayoyi, wannan a bayan wancan, har suka zama kamar taliyar da aka zubar a ƙasa. Aka wangale ƙofofin firji. Sai dai ƙofar firji tarbiyya gare ta, da an sake ta sai ta koma ta rufe kanta. Farfesa ya tokare da takalmi, ta ture takalmin. Ya tokare da ƙamus, ta ture ƙamus. Ransa ya ɓaci.

"Ƙofa ita ce kurkukun sanyi. Miƙo min sukundireba."

Ya kwance ƙofofi bakwai, ya jingina su a jere a jikin bango, ya zuba duk kusoshin a kwano ɗaya don kada su ɓata. Aka toshe taga da katifa, aka bi gefe da salatif, aka cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofar falo. Ƙwayayen fitilar firji bakwai suka haskaka kek. Gaskiya dai abin ya yi kyau.

Tela ya ɗage wandonsa ya matsa gaban firjin Nas. "Kai! Wallahi akwai sanyi a ƙwauri!"

"A ƙwauri yake farawa," in ji Farfesa, ya harɗe hannu a baya. "Nan da rabin awa ya kai gwiwa. Ƙarfe ɗaya yana wuya. Duk mai ciwon sanyi ya fita tun yanzu, ba zan ɗauki alhakin kowa ba. Iya, a ɗauko miki mayafi?"

"Bari dai ya iso."

Labari ya zaga bene. Mata suka zo da yara su ga falon da zai yi ƙanƙara, ana shigo da su biyu biyu ana saurin rufe ƙofa. Wani ya zo da rigar sanyi a kafaɗa. Farfesa ya hau kujera ya yi bayani kan makamashin lantarki, da yadda yake bin waya ya shiga firji ya rikiɗa ya koma sanyi tsantsa. Ya ce manyan kamfanoni sun san wannan sirri, ɓoyewa suke don su sayar da na'urar sanyaya ɗaki. Aka jinjina kai. Magana in ta ƙunshi mugunta irin ta kamfani ba ta rasa masu gaskatawa.

Sha biyu ta yi. Sanyi yana nan a ƙwauri, bai nuna niyyar hawa ba. Daga gwiwa zuwa sama kuwa wani abu ne dabam ke faruwa. Mai rigar sanyi ya fara goge wuya da ita.

"Farfesa," in ji Direba, "ni fa kamar gumi nake."

"Madalla! Alamar nasara ke nan. Zafin jikinka ne ke fita. In bai fita ba, ina sanyi zai samu wurin zama?"

"To ai har a idona yake fita."

"Ka tara shi da yawa ne. Lemo ne."

Kyanwar gidan, wadda ta saba kwanciya a bayan firji don ɗumi, ta fito daga can da sauri, ta zauna a bakin ƙofa tana kuka. Iya ta bi ta da kallo.

"Ni dai a bayan firjina nake shanya tsumman kicin. Kafin in gama wanke-wanke ya bushe ƙayau."

"Wannan gumin inji ne, Iya. Ba ya cikin ka'ida."

"Ba ya cikin ka'ida, amma yana cikin falo."

Hayaniya ta hana Nas barci, ta sauko da ma'aunin zafinta na asibiti a aljihu. Ta shigo, ta tsaya, ta fito da shi ta riƙe a iska don tsokana kawai, tunda irinsa ba ya ko motsi sai a jikin mutum. Ya motsa.

"Talatin da bakwai da rabi," ta ce. "Farfesa, falonka yana da zazzaɓi."

"Zafi ne ke haɗa kayansa zai tafi. Kin taɓa ganin baƙon da ya tashi bai yi hayaniya ba? Matsalar ita ce sanyin ya taru a ƙasa, ba mai raba shi. A kawo fanka!"

Aka kawo fanka huɗu, aka jona. Suka ɗebo iskar bayan firji suka raba wa kowa daidai wa daida, ba son kai. Furen kirim ɗaya a kan dogon kek ya sunkuyar da kai kamar an yi masa faɗa.

"Talatin da tara," in ji Nas. "Da mutum ne da na ba shi gado."

Farfesa ya zagaya firji bakwai yana sa kunne a jikin kowanne. Ya gano bakin zaren: firjin maƙwabta ne duk ba su da lafiya, mutane ba sa kula da kayansu. Ya aika Direba shagon ƙasa ya aro babbar firiza, shi kuma ya buga wa ƙanin matarsa waya, wanda gyaran firji ne sana'arsa, ya ce ya zo maza akwai ɗan ƙaramin aiki.

Ɗaya da kwata Mai Gyara ya turo ƙofa da jakar kayan aikinsa. Iskar ɗakin ta mare shi. Ya dubi firji bakwai tsirara, ya dubi katifa a taga, ya dubi mutum goma sha ɗaya suna ɗiga.

"Yaya, gidan burodi kuka buɗe?"

"Rufe ƙofa, sanyi zai fita!"

"Ai ina jin ya riga ya fita. Ban dai gamu da shi a matakala ba."

"Ba surutu na kira ka ba. Firjin nan ba sa ba da sanyi yadda ya kamata. Duba su."

Mai Gyara ya ajiye jaka, ya kama hannun Farfesa kamar zai tsallakar da shi titi, ya kai shi bayan firjin Tela ya ɗora tafinsa a kan ƙarafan. Farfesa ya fizge hannu.

"Yaya, firji ba ya haifar sanyi. Kwasar zafi yake daga cikinsa ya zubar ta baya. Kamar mai kwarfe ruwa daga kwalekwale. To kai kana kwarfewa daga gaba kana zubawa a baya, a cikin kwalekwalen. Sannan injin da ke kwasar yana cin wuta, wutar nan ita ma zafi take komawa. Da ƙofa a rufe yakan huta. Ka cire ƙofa, tun ɗazu ba wanda ya huta. Fankokin nan ma zafi suke ƙarawa. Ku kanku da kuke tsaye, kowannenku tamkar babban ƙwan fitila ne a kunne."

"Ni ce ƙwan fitila?" in ji Iya.

"Ke ƙarami ne, Iya, mai tsimin wuta."

Farfesa ya yi murmushin tausayi. "Ka ji matsalar makanike. Ka san sukundireba, ba ka san ka'ida ba. Makamashi ba ya ɓacewa, yaro. Rikiɗa yake."

"Yawwa! Bakinka ya faɗa. Wutar da ke shigowa falon nan tun sha ɗaya da rabi, ina ta je?"

"Ta rikiɗa."

"Ta koma me?"

Wani fure ya ɓalle daga dogon kek ya faɗo tebur, ɗas.

"Sanyi," in ji Farfesa.

"Share goshinka, Yaya, ka sake faɗa. Gumin ya shiga bakinka ban ji sosai ba."

Sai a lokacin Mai Gyara ya dubi tebur da kyau, dariyar ta bar fuskarsa. Ya san kwana nawa yayarsa ta yi a kan kek ɗin nan, ya san shekara nawa take jiran rana irin ta yau.

"Kuna da firji bakwai, kuka bar kek a waje? A mayar da ƙofofi! A sa kek a ciki! Ina kusoshi?"

Aka miƙo masa kwano. Kusoshi hamsin da wani abu, dogo da gajere, na kamfani bakwai, sun zama 'yan uwa. Ya dubi kwanon, ya dubi mijin yayarsa, ya haɗiye wata magana saboda akwai yara.

Falo ya rikice. Tela ya rungumo ƙofa ya kai wa firjin Nas, ta yi masa gajarta. Nas ta ce tata mai hoton rumman ce a jiki, aka duba aka ga uku masu hoton rumman. Iya ta zauna a kan tata ƙofar ta ce ba mai taɓawa sai an tabbatar mata da kusoshinta na asali. Wata maƙwabciya ta yi ƙoƙarin ɗaga kek ɗaya, gefensa ya biyo yatsunta, ta mayar a hankali ta lashe shaida. Ƙanƙarar da ke saman firji bakwai ta narke, ruwa ya malalo ya kewaye ƙafafun tebur. Biyu saura minti goma.

Ana cikin haka Direba da mai shago suka turo firiza, doguwa kamar makara. Kowa yana fama da ƙofa, ba wanda ya lura da Farfesa. Shi kuwa ya riga ya gano inda aka yi kuskure: ka'ida daidai take, ƙarfi ne bai isa ba. Ya lallaɓa ya ɗage murfin firiza, ya nemo soket na ƙarshe a jelar wayoyin nan, wanda ya yi taushi don zafi.

"Jama'a, ku shaida! Yanzu za ku ga..."

"Yaya, kada!"

Abin da aka gani shuɗin haske ne, abin da aka ji ƙara ce, abin da aka shaƙa ƙaurin roba ne. Iri uku a lokaci guda, duk da ba wanda ya tsaya ƙirgawa. Firji suka yi shiru, fankoki suka yi juyi biyu na bankwana, benen gaba ɗaya ya mutu tun daga shagon ƙasa har hawa na huɗu. Falo kuma, da yake an toshe shi da kyau, ya yi duhu ƙirin da rana tsaka.

"Wa ya taka ni?"

"Iya, ke ce?"

"Ni ina kan ƙofata."

A waje mota ta yi hon.

"Ga su nan! A buɗe taga!" in ji Mai Gyara.

Direba ya laluba ya fizgo katifa da ƙarfinsa duka. Haske ya shigo, katifa ta tafi da shi baya, ya zame a ruwa, ya daki ƙofar firji ta farko da ke jingine. Ta farko ta gaya wa ta biyu, ta biyu ta gaya wa ta uku, har magana ta kai ga ta ƙarshe, wadda ta kwanta a hankali ta ɗan taɓa gefen tebur. Ɗan taɓi ne kawai, ko ƙuda ba zai tashi ba.

Aka buɗe ƙofar falo. Anti Mai Kek ce da kwalaye a hannu, a bayanta Manaja, doguwar mace mai tabarau da jaka a hammata, a bayansu kuma duk mutanen benen, waɗanda suka zo jin wanda ya kashe musu wuta, da rabin na titi.

A gaban wannan taro hawan sama na dogon kek ya yanke shawarar rabuwa da 'yan uwansa. Ya zame ba gaggawa, ya bi tebur, ya sauka a ruwa, ya taho yana juyawa a hankali har ya tsaya a kan takalmin Manaja, kamar an aiko shi ya yi mata sannu da zuwa.

Anti ba ta yi ihu ba. Ta ajiye kwalayen a kan kujera, ta tsaya tana duban teburin. Furannin da ta dasa ɗaya bayan ɗaya sun zama tafki mai launi uku. Ta kai hannu ta gyara wani faranti da ya karkace, duk da babu sauran abin gyarawa a kansa. Ko yara sun yi shiru.

Shiru kuwa abu ne da Farfesa bai taɓa iya jurewa ba.

"Ranki ya daɗe, barka da zuwa. Abin da kike gani sauyi ne daga daskararre zuwa ruwa-ruwa. Amma ina tabbatar miki, makamashin da ke cikin kek ɗin nan yana nan cif, ko ƙwayar zarra bai ragu ba. Hasali ma ana iya zuba shi a kofi a kira shi..."

"Wane ne wannan?" in ji Manaja.

Anti ta sunkuyar da kai. "Mijina ne."

"Ki yi mata uzuri, 'yar nan," in ji Iya. "Lokacin yana da aikin yi, ba a gane ba."

Manaja ta cire tabarau da suka yi hazo, ta goge, ta mayar. Ta zare ƙafarta daga kek. Ta ce a ba ta cokali. Aka ba ta. Ta taka ruwa ta isa tebur, ta ɗebi na farko ta kai baki, ta ɗebi na biyu, ta ɗebi na uku, ta koma na farko ta ƙara. Fuskarta ba ta gaya wa kowa komai ba.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ce," in ji Anti, muryarta can ƙasa.

"Wancan fa?" Ta nuna firji bakwai da cokali.

Yatsu kusan arba'in suka tashi lokaci guda, har da na mutanen titi da ba su san komai ba.

"Gobe ƙarfe goma na safe, kek uku, a wurina. In sun iso a tsaye, aikin naki ne. In sun iso a kwance, akwai wata da zan gani sha ɗaya." Ta ajiye cokali. "Ki zo ke kaɗai."

Farfesa ya raka ta har bakin matakala da ƙafa ɗaya ba takalmi. "Ranki ya daɗe, in kuna da ɗakin sanyi a can, zan iya leƙowa in ba ku shawara kyauta."

"Tsaya nan," ta ce. Ta fito da waya ta ɗauke shi hoto. Ya gyara tsayuwa, ya ɗaga haɓa.

"Na jarida ne?"

"Na mai gadi ne."

Mai gyaran wuta ya zo da la'asar, ya buɗe akwatin wutar bene, ya yi salati, ya rufe, ya ce sai jibi. Mai Gyara ya ce yayarsa ta gasa, shi zai ajiye mata a firjin shagonsa, wanda ke da ƙofa. Murhun da take gasa kek na gas ne, wannan ba matsala. Injin kaɗa ƙwai ne na lantarki, kek uku irin nata kuma ƙwai talatin da shida suke ci, a kaɗa su har kumfa ta miƙe.

Maƙwabta suka yi layi a baranda, kowa a gefen kifinsa, ana gardamar firjin wa Farfesa zai fara mayarwa sama. Iya ta ce ita ce babba, kuma ita ce a hawa na huɗu. Anti ta leƙo daga kicin, ta ɗaura zane a kan riga, hannunta duk fulawa.

"Ku yi haƙuri. Sai ya gama nawa."

Ta zaunar da shi a kan turmi, ta ɗora masa babban kwano a cinya, ta sa masa maburgi a hannu. Ya fara da ƙarfi, yana bayanin yadda abincin da ya ci da safe ke komawa motsi. Ba a jima ba bayanin ya ragu, motsin ma ya ragu.

"Maman yara, kafaɗata kamar an hura wuta."

"Nawa ka kaɗa?"

"Shida."

"Saura talatin."

Ya kaɗa sau uku, ya tsaya, idonsa ya yi wani haske da duk benen ya sani. "Kin san da za a samo keke, a cire tayar baya, a ɗaura maburgin nan a jikin sarƙa..."

Daga baranda aka ji Tela ya bar layi da gudu. Aka ji ƙarar kekensa mai taya biyu ana hawa da shi matakala, aka ji ƙofa, aka ji makulli sau biyu.

"Baban yara."

"Na'am."

"Da baki ake kaɗa ƙwai?"

"A'a."

"To."

Ta fasa masa na bakwai.